Ƙofar Madugu da Idon Baba

Yanzu in gari ya waye a unguwarmu, abin da ke fara shiga kunnen mutum kukan injin yankan ƙarfe ne. Tun da zinariya ta fito a hamada, masu haƙarta suka cika Agadas, daga kudu da daga ƙetaren iyaka, kuma wanda Allah ya ba shi sai ya sayi gidan ƙasa ya rushe zauren don motarsa ta samu hanyar shiga. Ƙofar ƙarfe ake yanka da safe, kafin la'asar an kafa ta an shafa mata shuɗin fenti. Ba na jin haushinsu, kowa da zamaninsa. Abin da ke taɓa ni shi ne itatuwan da ake fitarwa daga tsofaffin zaurukan nan a jibge a gefen hanya, mata masu tuya su zo su kwashe su na wuta. Nakan dogara sandata in je in tsaya a kansu, in juya bakin itace da ƙafa, in duba yadda aka sassaƙa shi. Sau da yawa nakan gane hannun wanda ya yi aikin, amma in na waiwaya in faɗa wa wani sai in ga babu wanda zan faɗa wa. Abokan zamana duk sun riga ni, uwar ɗiyana ma ta rasu, ɗana yana can Djado cikin ramin zinariya, ɗiyata tana aure a Aderbissinat. Sai in juya in koma gida ni kaɗai.

Da can ba haka safiya take ba. Kukan jakunan masu ruwa ne, da dakan mata, da ƙarar gizagon Baba a ƙarƙashin rumfa, wadda in ka saba da ita kana iya sanin ko itacen da yake sara ya bushe ko da sauransa. Mahaifina masassaƙi ne, kuma a cikin sassaƙar ma itatuwan bakin ƙofa ne aikinsa. Itace a garinmu ba abin banza ba ne. Azarar goriba ta isa rufin ɗaki, amma ƙofar shiga gida sai aduwa, wadda gara ba ta iya mata, ita kuwa mai kauri da miƙewa sai can cikin kwarurukan Abzin. Buzaye ke ɗauko ta a kan raƙuma daga wajen Tabelot, a haɗa ta da buhunan albasa, shi ya sa sabon itace a gidanmu kullum yana zuwa da warin albasa. A ajiye shi a inuwa, a shafe bakunansa da kitse don kada ya tsage. Aikina tun ina ƙarami shi ne in juya shi duk Juma'a, in wasa gizago da kurfi a kan dutse, in share ɓawo in kai wa Inna madafa. In na yi saurin gama wasawa, Baba ya ɗora babban yatsa a bakin ƙarfen ya miƙo mini shi, na san sai in sake.

Itace huɗu ne ke riƙe ƙofa: biyu a tsaye, ɗaya a sama, sai dokin ƙofa a ƙasa. A jikin na tsaye ake fafe rami da kurfi, a bakin na kwance a sassaƙa harshe mai kafaɗa biyu wanda zai shiga ramin ya zauna. Ba ƙusar ƙarfe ko ɗaya. In harshe ya shiga, sai a huda su duka da jan ƙarfe daga wuta, a buga ƙusar itace ta bagaruwa ta ratsa su. Duk wannan na gani da idona na kuma yi da hannuna, ban da hudar. Ranar huda Baba yakan aike ni, ko ya sa Inna ta aike ni, in na dawo in tarar da gidan yana warin ƙonanniyar aduwa an gama. Haka masu sana'a na da suke, kowa yana da abu ɗaya da yake riƙewa sai ƙarshe. Ga shi kuma ni ne ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, in zai yi mini magana sai ya fuskanci bango ya ce, "A faɗa wa wancan ya kawo wuta." Ni ma ban taɓa tsayawa a gabansa na ce mene ne wannan ba. Yaran yanzu suna dafa kafaɗar ubansu su tambaye shi abin da suka ga dama, kuma duk da nakan yi tsaki in na gani, a raina na san sun fi mu samun sauƙi.

Da gemu ya fara fito mini sai na tafi Damagaram, na yi shekara uku a atiliye, wato shagon wani kafinta da ya koyi aiki wurin Nasara. Can na san metir na auna tsawo, da ekar, wato ƙarfen nan mai kusurwa da ake duba daidaito da shi. Na dawo gida da kirayon, wato fensir, a bayan kunne, ina ganin duk abin da ba a auna ba kame-kame ne. Abin da na tarar kuwa ya ƙara mini ƙarfin kai. Yanar ido ta fara rufe wa Baba gani. Da idona na ga ya tsiyaya shayi a gefen kofi, ya yi sauri ya rufe wurin da tafin hannu. A bakin masallaci sai mutum ya yi magana kafin ya gane shi. Gari ya ɗauka, kuma ka san bakin mutanenmu, ba za su faɗa maka a fuska ba, sai dai aiki ya daina zuwa. Wata huɗu ba wanda ya kawo mana ƙofa, sai gyaran turmi da ƙotar fartanya.

Ana cikin haka wani madugu, daga cikin masu jan ayarin gishiri zuwa Bilma, ya sake gina zaurensa. Mutum ne dogo mai faɗar magana yadda take. Ya zo ya zauna a kan gungume a rumfarmu, bayan gaisuwa ya ce, "Malam, ba ni ɓoye maka. An ce mini in tahi wani wuri, wai idonka ya yi rauni. Ni ko na ce ƙohwar ubana kai ka yi ta, har yau ko iska ba ta kaɗa ta."

Baba ya ce, "Madugu, ido ya yi rauni, gaskiya suka hwaɗi. Amma ba da ido ɗai ake aikin ga ba."

"To ga itacena nan tahe. Shi ke nan gare ni, babu wani."

Da ya tafi Baba ya daɗe yana shafa gemunsa. Ni da Inna mun san abin da ke kan aikin nan. In ƙofar madugu ta tsaya, bakin gari ya mutu, Baba ya ci gaba da zama masassaƙi har ƙarfinsa ya ƙare. In ta ba da kunya, an gama da shi.

Itacen ya zo, aduwa ce mai kyau, sai dai shekararta ɗaya da sara, da sauran ɗanyantaka a cikinta. Kwana ashirin muka yi a kanta. Ban taɓa ganin Baba ya yi aiki kamar wannan karon ba. Yakan sa yatsa cikin rami ya bi bangonsa a hankali, ya ɗauki kurfi ya cire abin da bai fi ɓawon albasa ba, ya sake sa yatsa. Ni kuwa in ya shiga alwala sai in zaro ekar daga aljihu in bi bayan aikinsa, ina neman kuskure. Ban samu ba, kuma in faɗi gaskiya har na ɗan ji haushin rashin samun. Ranar huda ta zo, aka aike ni kasuwar dabbobi neman kitsen da muke da shi a gida. Washegari aka yi rasuwa a dangin Baba, ya tafi zaman makoki tun hantsi. Jibi ne za a kafa ƙofa.

Karambani ya sa na jawo itatuwan na haɗa su a tsakar gida, don in ga yadda suka zauna. Harsuna suka shiga ramukansu lafiya lau. Sai na durƙusa na leƙa ta hudar ƙusa, ina sa ran in ga haske zagayayye ta ɗaya gefen. Abin da na gani rabin haske ne, kamar jinjirin wata. Hudar da ke jikin harshe ba ta yi daidai da ta jikin rami ba, ta goce zuwa wajen kafaɗa da kamar kaurin ƙwayar alkama. Na duba kusurwa ta biyu, haka. Ta uku da ta huɗu, haka. Na ce a raina shi ke nan, inda yatsa ke aiki Baba ya iya, amma saita jan ƙarfe aikin ido ne, kuma idon ya ci amanarsa. Na hango shi gaban jama'a yana buga ƙusa tana ƙin shiga, mutane suna kallon juna. Da ina da hankalin da nake da shi yanzu da na tsaya na lura cewa duk huɗun gefe ɗaya suka goce, kuma da awo ɗaya. Makaho ba ya kuskure iri ɗaya sau huɗu. Amma ni a lokacin na riga na yanke wa idon Baba hukunci, ba abin da zan gani ya sauya mini ra'ayi.

Na hura gawayi na sa ƙarfen huda. Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Kai, mi kake da ƙarhen babanka?"

Na ce, "Ɗan gyara ne, Inna."

"Shi ya sa ka?"

"A'a. Kuma don Allah kada ki hwaɗa mishi, ransa zai ɓaci."

Ta tsaya tana dubana da muciya a hannu. Ita ma ta ga shayin da ya zuba, ita ma tsoron nan na cikinta. Ta ce, "Allah shi sa gyaran alheri ne," ta koma ciki. Na zura jan ƙarfe ya ratsa kowace kusurwa, ya cinye ɗan gocin nan, har haske ya fito zagayayye a duk huɗun. Na warware itatuwan na mayar da su yadda ya bar su. Ranar na ci tuwo da daɗi, ina jin na rufa wa ubana asiri ba tare da ya sani ba. Mutanen kudu suna yi mana ba'a da gyaran gangar Abzinawa, da can ina jin haushin maganar, amma tun daga ranar ban ƙara musa musu ba.

A al'adarmu a ƙofar mai gida ake haɗa itatuwan, a ƙasa, gaban maƙwabta. Aka kai su a kan jakuna. Magina sun kwaɓa ƙasa suna jira, madugu ya fito da dabino da goro, liman ya yi addu'a. Baba ya durƙusa, na miƙa masa ƙusar farko da gudumar itace. Duk wanda ya taɓa halartar kafa ƙofarsa ya san yadda abin yake: ƙusa takan yi gardama, a buga ta sau goma ko fiye, itace yana ƙara kamar raƙumin da ake ɗora wa kaya, har kafaɗa ta manne da jikin na tsaye. Ni duk shekarun nan ina ɗauka taurin bagaruwa ne ke kawo haka. Baba ya buga sau ɗaya, ya buga na biyu, ƙusa ta shige har kai ba ko ƙara. Ya tsaya da guduma a sama. Ya sauke ta a hankali, ya shafa kan ƙusar da yatsa, ya kai yatsan hancinsa. Bai juyo ya dube ni ba. Wani daga cikin maƙwabta ya ce, "Kai, aiki ya yi sumul, ko gardama babu!" Baba ya ce, "Miƙo ta biyu." Ya buga sauran ukun, magina suka ɗaga suka kafa, aka rataya ƙyaure, aka watse ana sa albarka.

Na sha tambayar kaina me ya hana shi tsayar da aikin a wurin. Amsar da na samu daga baya ita ce harshen ba shi da faɗin da zai ɗauki huda ta biyu ba tare da ya tsage ba, wani itacen kuma babu. In ya ce a tsaya, sai ya faɗi dalili, dalilin kuwa yana tsugune kusa da shi da kirayon a bayan kunne. A hanyar gida yana gaba ina baya da jakuna. Ni kuwa har ina jiran ranar da zai gane ya gode mini.

Sanyi ya wuce, bazara ta shigo da zafin nan namu da ke busar da komai. Aduwa ta ƙarasa bushewa ta tsuke. Kafaɗun da ya kamata ƙusa ta riƙa jawo su suka saki, aka samu tsaga da yatsa ke shiga, itacen sama ya karkata, ƙyaure ya fara jan ƙasa. Kafin damina sai mutum biyu sun ɗaga shi yake rufuwa, a ƙofar da duk mai zuwa kasuwa yake wucewa. Madugu ya zo da hantsi, bai zauna a kan gungume ba. Ina gefe ina wasa gizago.

Ya ce, "Malam, na tsaya maka gaban mutane, ga shi yau ana yi mini dariya. Ba faɗa na zo yi ba. Amma in ido ya tahi, a huta."

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Kafin sauti ya fito Baba ya ce, "Awo, Madugu, gaskiyarka. Idona ne. Ka yi haƙuri. Yaron ga zai zo shi ɗaure maka ita da ƙarhe, shi ya yi karatun aikin zamani, hannunshi na da kyau."

Da madugu ya fita, Baba ya sa aka hura gawayi. Ya ɗauko guntun itace biyu, ya fafe rami ya sassaƙa harshe, ina tsaye. Karon farko ke nan da bai aike ni ba. Ya huda ramin, ya sa harshe ya yi alama, ya zare shi, sannan ya kama hannuna ya ɗora yatsana a kan alamar, ya matsar da shi kaɗan zuwa kafaɗa. Ya ce, "Nan ake hudawa. Ƙusa in ta samu hanya miƙaƙƙa kwanciya take. In ta samu goci sai ta jawo, kuma tana jawowa har itace shi gama bushewa." Bai fuskanci bango ba wannan karon, ni yake yi wa magana. Na durƙusa ina kuka kamar yaro, na ce bari in je in faɗa wa madugu ni ne. Ya ce, "Ba ka zuwa. Gari na yahe wa tsoho makanta, ba shi yahe wa yaro karambani. Ni na ci nawa, kai ko ba ka fara ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Da ka tambaye ni." Can kuma, a hankali, "Ni ma da na hwaɗa maka."

Na bi umarninsa, amma ba zan yi wa kaina ado ba, na ji sauƙi da ya hana ni. Daga ranar Baba bai ƙara ɗaukar kurfi ba. Yakan zauna a bakin zaure da tasbaha, yana sauraron gizagona daga ciki, in na yi sara marar kyau sai in ji ya yi gyaran murya. Aiki ya dawo gidanmu, amma da sunana yake zuwa. Mutane su tsallake shi da gaisuwa su shigo wurina, wasu har su rage murya su ce, "Kai dai za ka yi da hannunka ko?" Yana ji. Shekara shida ya yi a zaune haka, da ƙarfinsa, hannuwansa a kan gwiwa suna motsi kamar suna neman abin yi. Inna ta san komai, ba ta taɓa tayar da maganar ba, sai dai ta daina kallona in ana zancen ƙofa. Kowace ƙofar da na yi bayan nan da gocin na yi ta, kuma kowacce ta tsaya, aka riƙa cewa ɗan ya fi uban.

Bayan an yi sadakar arba'in ɗin Baba na kasa daurewa. Na ce hanin ya ƙare da mai hanin. Na tafi gidan madugu, lokacin ya tsufa ya bar tafiya, yana zaune a zaure da mutum huɗu ko biyar, dattawan da suka ga kafa ƙofar. Na ji daɗin samun su, don shaidu nake so. Na gaishe su na durƙusa, na faɗi komai daga farko, rabin hasken da na gani, da gawayin, da jan ƙarfen. Na ce idon Baba bai taɓa kuskure a ƙofar nan ba, ni ne na ɓata ta, a daina ɗora masa.

Suka saurare ni har na gama. Madugu ya miƙo hannu ya dafa kaina. Idonsa ya kawo ruwa, ya juya ga sauran ya ce, "Kun gani? Wanga shi ne ɗa. Ubanshi na cikin ƙasa, shina son ɗaukar mishi laihi." Suka ce Allah shi yi albarka, Allah shi ba mu irinshi. Na rantse musu. Madugu ya ce, "Bari rantsuwa, ɗana, kada ka yi zunubi don alheri. Makanta ba abin kunya ba ce, duk mun ga idonshi." Ya sa aka zuba mini shayi.

Na sha, don ba a mayar da kofin dattijo. Kafin mako ya zagayo labari ya bazu a gari cewa ɗan masassaƙi ya je ya yi wa kansa ƙarya don ya wanke ubansa, kuma har aiki ya ƙaru mini saboda haka. Duk waɗanda ke zauren nan ranar sun rasu, kowannensu ya tafi yana yabona, yana kuma cewa Baba makanta ce ta gama da shi.